Amanar Yara A Zamanin Wayar Hannu

Dattawan ƙasar Yawuri waɗanda Allah ya yi wa tsawon rai ba su manta da shekara ta 1968 ba. A cikinta ne aka gama ginin madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka soma tun 1964. Da aka tare Kwara, ruwa ya yi ta hauhawa har ya shanye gungu bayan gungu, ya rufe gonaki da kushewu da tsohon garin Busa. Mutum wajen 44,000 aka tayar daga mazauninsu aka sake musu matsuguni. Gungawa da suka gaji zaman tsibiri tun kaka da kakanni suka wayi gari a gaɓa. Kogin nan da suka sani kamar yunwar cikinsu ya rikiɗe ya zama tafki mai faɗi, mai tashin igiya idan iska ta taso, ga kuma kututturan itatuwa a ɓoye ƙarƙashinsa, waɗanda ido ba ya gani sai jirgi ya hau kansu.

To, mene ne mutanen nan suka yi? Ba su ce wa 'ya'yansu ruwa ya haramta ba, gama abincinsu a cikinsa ya ke. Ba su kuma sake su su faɗa yadda suka ga dama ba. Sai manya suka koma ɗalibai, suka sake koyon ruwan da ya sake hali, suka gane inda zurfi ya koma da inda kututture ya ke, sa'an nan suka ɗora yara a jirgi gabansu suna nuna musu. Har wa yau babu basarken kirki da zai miƙa wa ɗan shekara goma filafili ya ce ya haye tafki shi kaɗai da dare.

Yanzu kuwa wani ruwan ya sake malalowa, ya shiga Yelwa da Wara da Shanga da ko wace tunga ta bakin tafki, ba tare da an yi shela ba. Ruwan nan shi ne wayar hannu da abin da ke cikinta, watau intanet. Abin mamaki shi ne, uban da ba ya yarda ɗansa ya kwana a gidan da bai sani ba, shi ne ya ke barinsa ya kwana da waya a ƙarƙashin matashi, alhali kuwa cikinta akwai ƙofofi dubu, ko wace tana buɗewa zuwa gidan da bai sani ba.

Dalilin da hani bai isa ba

Wani zai ce maganin abin mai sauƙi ne, a ƙwace wayar a huta. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba ta da ƙafar tsayawa. Tun shekara ta 2001 da aka soma wayar salula a Nijeriya, ciniki ya ɗauru da ita. Mai kifi a Yelwa da ita ya ke jin farashin Anaca kafin ya ɗaure kwali, mai albasa da ita ya ke bin sawun motarsa har ta sauke. A farkon 2023, sa'ad da takardun naira suka yi wuya sabo da canjin kuɗi, har wanda ya rantse ba zai taɓa karɓar taransifa ba ya karɓa, don ba yadda zai yi. Ta wajen karatu kuma, tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungum, yaron da bai taɓa sabawa da na'ura ba ya shiga ɗakin jarrabawa da rauni. Cikin wayar nan kuma akwai ƙira'ar manyan alarammomi, da karatun littattafai daga bakin malaman da a dā sai an yi tafiyar wata kafin a zauna gabansu.

Har wa yau akwai wani abu da ya keɓanta da masu karanta wannan shafi. Da yawa daga cikin malamai da 'yan kasuwa iliminsu na ajami ne da Larabci, wayar kuwa da boko da Turanci ta ke magana. Sabo da haka yaro ne ke karanta wa uba alat idan kuɗi sun shigo, shi ke danna lambar sirri, shi ke ajiye sunayen abokan ciniki. Watau yaron ya zama jagoran ubansa a cikin ruwan da ya kamata uban ya zama jagoransa. Wanda ya ƙwace wayar da rana, da dare shi zai kira yaron ya duba masa ko kuɗin sun shigo. Idan ma ya hana ta a gidansa, akwai ta abokai a dandali. Hani tsagwaronsa ba ya fitar da waya daga hannun yaro, sai dai ya fitar da uba daga labarin, ya koya wa yaron ɓoyo. Ɓoyo kuwa, kamar yadda za a gani nan gaba, shi ne babban jarin macuci.

Yadda abin ya ke aiki

Ya kamata ɗan kasuwa ya fi kowa saurin gane wannan. Idan aka ba mutum abu kyauta kullum, lalle akwai inda mai bayarwa ke fanshewa. Facebook da TikTok da YouTube ba su karɓar kuɗin shiga, da talla su ke cin riba, tallar kuwa gwargwadon daɗewar ido a kan fuskar waya a ke biyanta. Don haka aka gina su a kan lura da mai kallo. Abin da idonsa ya daɗe a kai, shi za a ƙara kawo masa irinsa, har da wanda ya fi shi zafi. Yaron da ya tsaya kan karatu, karatu zai yi ta zuwar masa. Wanda ya tsaya sau biyu kan batsa ko zubar da jini, ba sai ya nema ba, abin zai neme shi. Na'urar ba ta san halal da haram ba, ba ta san ɗan malam ba, abin da ke riƙe ido kaɗai ta sani.

Kamfanonin nan sun rubuta cewa sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Amma mai gadin ƙofar tambaya ce kawai, yaushe aka haife ka? Yaro ya rubuta shekarar da ya ga dama ya wuce. Ƙasar Ostareliya ta ga wannan bai wadatar ba, a ƙarshen 2024 ta yi doka ta hana wa 'yan ƙasa da shekara 16 shafukan sada zumunta, dokar ta soma aiki cikin Disamba 2025, aka ɗora wa kamfanonin alhakin tsare ƙofa. A Nijeriya kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ce sai da yardar uba ko waliyyi za a sarrafa bayanan yaro. Doka dai tana da kyau, amma ba ta shiga ɗakin samari da tsakar dare.

Kada kuma mutumin ƙauye ya ce garinsu ba sabis sosai, ko ɗansa ba shi da kuɗin data, don haka ya tsira. A rumfar mai cajin waya a ke tura fina-finai da waƙoƙi cikin memori da 'yan kuɗi kaɗan, sa'an nan abin ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ba tare da data ba. Abin da aka zuba wa yaro ɗaya ranar kasuwar Wara, kafin kasuwa ta zagayo ya gama tunga.

Kututture na farko: baƙon da ba a gani

Macuci a waya ba ya zuwa da fuskar macuci. Yakan zo da hoton budurwa ko na saurayi mai ladabi, ko ya zo da sunan mai taimako. Yakan soma da gaisuwa da yabo, ya aiko da katin waya, ya saurari kukan yaro a kan abin da ba a saurara masa a gida. Idan sabo ya kama, sai ya ce, “Wannan tsakaninmu ne, kada ka gaya wa kowa.” Daga nan sai neman hoto, daga hoton fuska zuwa wanda bai kamata ba. Ran da hoton ya shiga hannunsa sai murya ta sake: ko a aiko da kuɗi, ko a zo inda ya ce, ko kuwa ya watsa hoton ga iyaye da 'yan makaranta da dukan gari.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Cikin Yuli 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ba da sanarwar ya rufe shafukan Instagram wajen 63,000 a Nijeriya waɗanda ke wannan sana'a ta karɓar kuɗi da barazanar tonon asiri. Akasarin waɗanda suka nufa manya ne a Amurka, amma har da yara. Cikin Maris 2022 wani yaro mai shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka ya kashe kansa cikin dare ɗaya bayan an yi masa haka. Aka bi sawu har Ikko, aka kama wasu samari biyu wa da ƙane, aka kai su Amurka, cikin Satumba 2024 kotu ta ɗaure ko wannensu shekara 17 da wata 6. Tun kafin wannan, cikin 2012, an yaudari wata ɗalibar jami'a daga jihar Nasarawa ta hanyar Facebook da sunan harkar kasuwanci, ta tafi Ikko, aka kashe ta a masauki. Idan baliga mai ilimi ta faɗa, ina ga yarinya 'yar shekara 13?

Mai karatu ya lura da abu guda cikin labarin yaron nan. Iyayensa suna da rai, ba su san kome ba sai da gari ya waye. Abin da ya kashe shi ba hoton ba ne, tsoron kada a sani ne.

Kututture na biyu: kuɗi

An riga an faɗi cewa yaro ne ke riƙe da wayar ubansa. Ɗan damfara ya san haka. Zai bugo ya ce daga banki ne, asusu zai rufe yau in ba a gyara ba, a karanto masa lambar BVN da lambar nan da aka aiko yanzu. Yaro mai ladabi, wanda aka koya wa kada ya yi wa babba gardama, sai ya karanto. Kafin uba ya dawo daga masallaci jarin shekara ya tafi. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, ko sau ɗaya. Wannan jumla ya kamata ko wane yaro a gidan ɗan kasuwa ya haddace ta.

Sai caca. A dā mai caca sai ya nemi lungu, ana ganin shigarsa ana ganin fitarsa. Yanzu shagon cacar ƙwallo yana cikin aljihu, yaro na zaune a rumfar ubansa yana zuba cinikin yini, ba mai ji ba mai gani. Kusa da ita akwai kwaɗayin arziki ba aiki. Cikin 2024 samarin Arewa da yawa sun shafe watanni suna dannar fuskar waya a wasan Hamster Kombat, abin da su ke kira mainin, da fatan za a raba dukiya. Da aka yi rabon cikin Satumba, da yawa abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Kafin wannan MMM ya tsaya da kuɗin mutane cikin Disamba 2016, bayansa CBEX ya rushe cikin Afrilu 2025. Suna ne ke sakewa, tarkon ɗaya ne: ana biyan na farko da kuɗin na baya har ran da na baya suka ƙare.

Akwai kuma fuskar da iyaye ba su son dubawa. Samarin nan biyu da aka ɗaure a Amurka su ma 'ya'yan wasu ne. Ɗan mutum yana iya zama wanda aka cuta, yana kuma iya zama macucin. Yaron da ba shi da sana'a ya shigo da sabuwar waya mai tsada, uba ya yi shiru don an sayo masa shadda, to, ya sani ya sa hannu. Ɗan kasuwa ya tuna kuma: tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa ko wane layi da lambar NIN, cikin 2021 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta bayyana cewa sai mai shekara 18 zai yi rajistar layi da sunansa. Ma'ana, layin da ke hannun ƙaramin yaro da sunan wani babba ya ke. Duk abin da aka aikata da shi, ƙofar mai sunan za a fara ƙwanƙwasawa.

Kututture na uku: sanar da duniya inda yaro ya ke

Mutanen wannan ƙasa ba su bukatar a faɗa musu zafin rasa yaro. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, suka tafi da ɗalibai da malamai, 'yan matan ƙarshe ba su dawo ba sai 2023. Ba a ce waya ce ta jawo wannan masifa ba. Amma kowa ya san ɓarayin daji da labari su ke aiki, labarin kuwa ta waya ya ke isa gare su. Don haka ne cikin Satumba 2021 hukuma ta rufe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya na wani lokaci.

To, yaron da ke ɗaukar hoton ƙofar gidansu, da shanun ubansa, da ɗaurin kuɗin da aka ƙirga a rumfa, ya rubuta cewa gobe Baba zai tafi kasuwa kaza, ya yi wa mai leƙen asiri aikinsa kyauta, ba da nufi ba. Iyaye ma sukan yi haka da kansu, su sa hoton ɗiya da kayan makaranta, ga sunan makarantar a ƙirji. Har wa yau an sha ganin 'yan bindiga a TikTok suna baje kuɗi da makamai, suna yi wa masu kallo kyauta. Yaro matalauci da ke kallon wannan kullum, in ba wanda ya zauna ya warware masa, zai soma ganin ɓarawo shi ne gwarzo.

Kututture na huɗu: harshe

Malamai sun fi kowa sanin nauyin giba da ƙazafi da annamimanci. Waya ba ta sake hukuncinsu ba, sai dai ta ƙara musu gudu. Maganar da a dā za ta mutu a bakin rijiya, yanzu saƙon murya ɗaya ya kai ta gari goma kafin la'asar, ba ta kuma gogewa. A ƙasar da Bahaushe da Bagunge da Bakambare da Bafillace da Bashange ke cin kasuwa ɗaya, hoton ƙarya ɗaya da aka ce ga abin da ƙabila kaza ta yi ya isa ya kunna wuta. Yanzu ma an kai ga na'ura tana ƙirƙiro hoto da muryar mutum ta sa masa maganar da bai taɓa yi ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara cikin 2024, ta tanadi ɗauri ga mai yi wa mutum barazana ta waya, da mai lallashin yaro don lalata, da mai ajiyewa ko watsa hoton tsiraicin yaro. Yaron da ya tura abin da aka turo masa don a yi dariya bai san ya taka doka ba, wajibi ne a sanar da shi.

Abin da ya wajaba a kan uba

Na farko, ya koya. Ba aibi ba ne dattijo ya ce wa ɗansa, “Zo nan ka nuna mini yadda a ke yin wannan.” Masu jiragen 1968 ba su ji kunyar sake koyon ruwa ba. Wanda ya iya riƙe lissafin bashin mutum hamsin a ka, ko ya haddace izu sittin, ba zai kasa gane manhaja biyar ba. Ya san sunan ko wace da ke cikin wayar ɗansa da abin da a ke yi da ita. Zaman koyon nan ma kansa riba ne, gama a cikinsa hira ke buɗewa.

Na biyu, ya sa ƙa'ida tun ran da wayar ta shigo, ba bayan ɓarna ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ƙaramin yaro ba ya bukatar waya tasa ta kansa, ta gida ta ishe shi, a tsakar gida, gaban mutane. Wanda ya tasa, idan bukata ta kama, a fara masa da ƙarama mai maɓalli. Wanda aka ba babba, a yi sharaɗi a fili: iyaye sun san lambar buɗe ta, ba ta kwana a ɗakin yara, bayan lisha tana wajen uwa ko uba. Ba a amsa wa wanda ba a sani ba ido da ido. Ba a aika hoton da ba za a iya nuna wa kaka ba. Ba a zuwa saduwa da wanda aka sani a waya sai da babba. Ba a faɗin inda a ke da inda za a.

Na uku, ya yi amfani da makullan da ke akwai. Wayar da a ke ajiyar kuɗi a cikinta a raba ta da wadda yara ke wasa da ita. Akwai manhajar Family Link ta Google wadda ke ba uba ikon ƙayyade lokaci da hana saukar da abin da bai yarda ba. TikTok ma yana da hanyar haɗa shafin yaro da na mahaifi. A WhatsApp ana iya sa lambar tsaro ta biyu don kada a sace shafin, ana kuma iya hana baƙo jefa yaro cikin guruf. Wanda bai iya ba ya nemi amintacce ya sa masa. Amma kada ya dogara da makulli kaɗai, yaro mai wayo yakan gano hanyar kewaye shi.

Na huɗu, wanda ya fi duka, ya kashe tsoron da macuci ke ci da shi. Duk tarkon da aka lissafa a sama da igiya ɗaya aka ɗaure shi, watau “kada Baba ya ji.” Idan yaro ya tabbata ran da ya faɗi gaskiya bulala da tonon silili ne za su tarbe shi, zai zaɓi ya biya macuci, ya saci kuɗin rumfa, ko ya bi shi inda ya ce. Sai uba ya faɗa tun kafin kome ya faru, ya kuma maimaita: “Ko me ka yi a wayar nan, ko me aka ce za a tona, ka zo ka gaya mini. Za a fara da fitar da kai, faɗa ya biyo baya.” Wanda ɗansa ya faɗa ruwa ba ya tsayawa a gaɓa yana tambayar wa ya aike shi, tsamo shi ya ke fara yi.

Gaskiya ne akwai kunya tsakanin uba da ɗa, balle ɗan fari, akwai kuma maganar da ɗiya ba za ta iya furtawa gaban mahaifinta ba. Amma al'adar da ta kawo kunyar ita ce ta kawo maganinta. Akwai kaka, wadda jika ke wasa da ita ya faɗa mata abin da ba ya faɗa wa kowa. Akwai kawu da goggo da yaya. A zaɓi ɗaya a ce wa yaro, ga wanda za ka nufa. Uwa kuwa kada a bar ta a duhu da sunan ba ta san boko ba. Ita ke wuni da yara, ita ke fara ganin wanda ya daina cin abinci, da wanda ke firgita idan waya ta yi ƙara, da wadda ke kife ta in an shigo.

Idan abin ya riga ya auku, kada a biya ko kwabo, gama mai barazana ba ya ƙoshi. Kada kuma a goge saƙonnin, su ne shaida. A toshe shi, a kai ƙara ga 'yan sanda. In kuɗi ne suka fita, a garzaya banki a ranar, kafin a kwashe su zuwa wani asusu.

Abin da ya wajaba a kan malami da shugabanni

Almajirin da aka kawo daga nesa ba shi da uba a kusa sai malaminsa. Yana yawo cikin gari, yana aiki a gidaje da kasuwa, yana zama a rumfar caji, wani ma ya tara kuɗi ya sayi tsohuwar waya. Shi ya fi kowa zama a bakin tarko, gama yana da yunwa, ba kuma mai tambayarsa. Malamin da ya karɓi amanar allonsa ya karɓi amanar aljihunsa. Ya san wa ke da waya cikin gardawa da ƙolawa, wa ya ba shi, don me. Ya sa lokacin da a ke tara su wuri ɗaya, ya kuma ware ɗan lokaci, ko ran Alhamis, a yi magana a kan waɗannan mas'aloli da sunayensu, ba da habaici ba.

Limamai su ɗauki zancen zuwa mumbari da bayani, ba da tsinuwa kaɗai ba. Sarakunan kasuwa su tara masu caji da masu tura fina-finai a yi yarjejeniya a kan abin da ba za a zuba wa yaro ba, wanda ya karya a san matakin ɗauka. Hakimai da dagatai da masu unguwa na Yawuri da Ngaski da Shanga suna da murya a wajen jama'a wadda kamfanin da ke Amurka ko Sin ba shi da ita. Babba kuma ya dubi kansa. Uban da ke amsa gaisuwar ɗansa idonsa na kan waya, ko ya tura jita-jita bai bincika ba, ya riga ya karantar, ko bai buɗe baki ba.

Cikin Mayu 2021 wani jirgi da ya ɗauko 'yan kasuwa ya nutse kusa da Wara, rayuka masu yawa suka salwanta, har da mata da ƙananan yara. Bayan ko wane haɗari irin wannan sai a ji ana maganar rigar ruwa, da lodin da ya wuce kima, da tafiyar dare, abubuwan da kowa ya sani tun kafin jirgi ya bar gaɓa. Ilimin bai yi ƙaranci ba, jinkiri ne ya yi yawa. Haka zancen waya ya ke. Uban da ya karanta wannan, ko aka karanta masa, kada ya jira sai ya ji labari a gidan maƙwabci. Yau bayan magariba ya kira yaron, ya zaunar da shi kusa, ya ce ya buɗe wayar su duba tare. Allah ya shirya zuriya, ya tsare na ruwa da na tudu.